Kafin a Cika: Yadda Likitanci Ya Koyi Zama da Mai Ciwon Ajali

A shekarar 1961 wani likita a Shikago ta Amurka, Donald Oken, ya yi wa abokan aikinsa 219 tambaya: idan kun gano mutum yana da ciwon daji, kuna gaya masa? Kusan tara cikin goma suka ce ba su faɗa. Ba mugunta ce ta sa su ba. A ganinsu tausayi ne, kada a karya wa mutum zuciya, kada fargaba ta kashe shi kafin ciwon. Da Oken ya bi diddigi sai ya tarar babu wani bincike da suka dogara da shi, abin da zuciyarsu ta raya musu ne kawai, da abin da suka taras manyansu suna yi. A 1979 aka buga sakamakon irin wannan tambaya a Amurkar dai, sai ga 97 cikin 100 sun ce suna faɗa. Shekara 18 ke tsakani. Ba a gama da ciwon daji a cikin shekarun nan ba, tunanin masu jinya ne ya juya, kuma mata biyu ne suka fi kowa juya shi.

Sai an tuna zamanin kafin a gane dalilin wannan gum da baki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu likitanci yana ganiyarsa. Fenisilin ta fito, an sami maganin tarin fuka, tiyata ta ci gaba, cututtukan da a da suke kwashe mutane suka koma na kwanciyar mako guda. A Ingila gwamnati ta buɗe kiwon lafiya kyauta ga kowa a 1948. Mutuwa, wadda a da take samun mutum a ɗakinsa cikin iyalinsa, ta yi ƙaura zuwa asibiti. Asibiti kuwa don warkarwa aka gina shi, wanda ba zai warke ba sai aka rasa inda za a ajiye shi. Akan tura gadonsa can ƙuryar ɗaki a ja labule. Likitoci in sun zo zagayen safe sai su ɗaga masa kai su wuce gado na gaba. Allurar kashe zafi kuma sai ya yi ta kira, ya yi ta nishi, an tabbatar ya kai maƙura, sannan a yi masa, wai kada ya saba da ita.

Wasu masana zamantakewa biyu, Barney Glaser da Anselm Strauss, sun zauna a asibitocin San Faransisko suna kallon abin da ke gudana, suka fitar da littafinsu a 1965. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin abin da suka gani shi ne wasan da ake yi a bakin gado: majinyaci ya san tafiya ta zo, iyali sun sani, likita ya sani, kowa kuma ya san ɗan'uwansa ya sani, amma duk a taru ana maganar ranar sallama da hutun baɗi. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan. "Ya jiki?" "Da sauƙi." "Ai ka ma yi kyan gani yau, Baba." Shi kuwa Baban yana ta neman kafar da zai ce akwai kuɗin wani a hannunsa, da ya buɗe baki sai a tare shi: "Haba Baba, daina irin wannan magana."

Cicely Saunders, wadda aka haifa a 1918, malamar jinya ce tun farko. Ta koyi aikin a asibitin St Thomas na Landan lokacin yaƙi, ciwon baya ya raba ta da shi, ta koma jami'ar jin daɗin majinyata. A nan ta haɗu da David Tasma, wani Bayahude ɗan ƙasar Folan da ke aikin kai abinci a gidan cin abinci, shekarunsa 40, ba shi da kowa a Landan, ciwon daji ya ci ƙarfinsa. Da ya tambaye ta ko mutuwa zai yi, ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta riƙa zuwa wurinsa suna hira a kan irin wurin da ya kamata a ce mutum kamarsa ya ƙare kwanakinsa. Ya rasu a watan Fabrairu na 1948, ya bar mata fam 500, ya ce a yi taga da su a gidan da za ta gina.

Shekara 19 ta ɗauka kafin ta gina shi. Da farko ta riƙa aikin sa kai da yamma a St Luke's, wani tsohon gidan jinyar talakawa masu ciwon ajali, a can kuma ta ga abin da ba ta taɓa gani a babban asibiti ba. Masu jinyar wurin ba su jiran majinyaci ya yi kuka. Agogo suke bi. Duk bayan awa huɗu a ba shi mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ta baki, ko yana jin zafi a lokacin ko ba ya ji. Wani likitan tiyata da take aiki tare da shi, Norman Barrett, ya ce mata muddin tana malamar jinya ba wanda zai saurare ta, ta je ta karanci likitanci, don likitoci ne ke guje wa masu mutuwa. Ta koma aji tana da shekara 33, ta fito likita a 1957, ta kama aiki a 1958 a St Joseph's da ke Hackney, gidan jinya na wasu mata 'yan ɗariƙar Katolika daga Ailan.

Hikimar bin agogo tana da sauƙin faɗa, amma ta rushe abin da aka daɗe ana koyarwa. Wanda sai ya roƙa ake ba shi magani, rabin wahalarsa jira ne. Allura ta fara sakinsa, ya san zafin yana hanya, jikinsa ya ɗaure, idonsa yana kan ƙofa, tsoron ya ƙara wa zafin ƙarfi, in an zo kuma sai an ba shi mai yawa kafin ya lafa, ya faɗi barcin da ba ya sanin wanda ke kansa. Zafin ciwo kamar gobara yake, tun tana hayaƙi a gindin danga ake kashe ta da ruwan buta, in ta kama jinka sai an tara unguwa. Saunders ta nuna cewa idan aka auna wa kowane mutum gwargwadon da ya dace da shi, aka ba shi kafin zafin ya dawo, yana iya zama a farke, cikin hayyacinsa, yana hira, kuma ba ya zama ɗan ƙwaya mai neman ƙari don maye. Ba da baki kawai ta faɗa ba. Ta tara bayanan majinyata 1,100, ta riƙa ɗaukar hotonsu ranar da aka kawo su da kuma bayan 'yan kwanaki, tana nuna wa likitocin da ke musu.

Ta kuma riƙa yawo da rikoda tana ɗaukar maganarsu. Daga nan ta fahimci abin da nake ganin shi ne ginshiƙin labarin duka. Idan an ce mutum yana tsoron mutuwa, abubuwa da yawa ne aka dunƙule. Akwai tsoron azaba, da tsoron shaƙewa cikin dare ba kowa kusa. Akwai tunanin wa zai riƙe yara, da kuɗin haya, da kunyar zama nauyi a kan mutane. Akwai ɗan'uwan da aka yi shekaru ba a magana da shi. Can ƙasa kuma akwai tambayar da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Wata majinyaciya ta ce mata ciwon daga baya ya fara, amma yanzu ji take komai nata ya lalace, ta shiga ba ta labarin mijinta da ɗanta da aikin da suke rasawa saboda jinyarta. A 1964 Saunders ta rubuta cewa zafin jiki da na zuciya da na iyali da na ruhi duk ciwo ɗaya ne, ba a magance ɗaya a bar saura. Amma na jiki ake fara kwancewa, don shi ke toshe ƙofar sauran. Mutumin da ke murƙususu ba ya iya yafe wa kowa, ba ya iya lissafin bashi, ko addu'a ba ya iya haɗawa.

A 1967 aka buɗe St Christopher's a Sydenham, kudancin Landan, da gadaje 54. Dangi suna shiga ba a ƙayyade musu 'yan mintuna ba, ana kawo jikoki, akwai lambu, akwai kuma tagar Tasma a bakin shiga, gilashi ne fari ba ado. Bayan shekara biyu suka fara bin marasa lafiya har gida. A St Christopher's ɗin ne wani likita, Robert Twycross, ya gwada tsohon haɗin da asibitocin Ingila ke bayarwa, wanda ake zuba wa hodar iblis da barasa, ya nuna cewa tarkacen ba su ƙara komai, mofin ita kaɗai ta wadatar. Ya kamata a faɗi wani abu a nan saboda masu zargin cewa irin wannan gida wurin ƙarasa mutane ne: Saunders ta yi rayuwarta tana adawa da a kashe majinyaci da sunan tausayi. Hujjarta ita ce yawancin mai cewa a kashe shi ya huta, azabar yake so a kashe. A gidan nan nata ta rasu a 2005, ita ma da ciwon daji.

Mace ta biyu ta fi ta suna a duniya, ko da yake a ganina aikinta bai kai na Saunders ƙarko ba. Elisabeth Kübler-Ross likitar ƙwaƙwalwa ce 'yar Siwizalan da ke aiki a asibitin Jami'ar Shikago. A 1965 wasu ɗaliban addinin Kirista huɗu suka zo neman ta taimaka musu su yi nazarin mutuwa, ta ce to a je a tambayi masu mutuwar. Ta zaga asibitin, ma'aikata suna ce mata ba su da irin wannan majinyaci. Da ta samu, sai ta tarar kamar jira suke a tambaye su. Ta yi hira da mutum wajen 200, ɗalibai suna saurare ta bayan gilashi, ta fitar da littafinta a 1969, ya karaɗe duniya. A ciki ta kawo halaye biyar da ta ce mai ciwon ajali yana ratsawa: ya ƙi yarda, ya yi fushi, ya shiga roƙon a ƙara masa lokaci yana alkawura, baƙin ciki ya rufe shi, daga bisani ya saduda ya karɓa.

Alherin littafin shi ne ya sa an ja kujera an zauna kusa da gado. Illarsa kuma, mutane sun mai da halayen nan matakalar bene, ana duba majinyaci ana cewa har yanzu yana kan fushi, bai hau na gaba ba, kamar wanda ya faɗi jarrabawa. Masu bincike da suka biyo baya ba su sami wannan jeri a jikin mutane ba. Wani da safe ya karɓa, da la'asar ya koma musu. Ita kanta da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita daga 1995, ta yi shekara tara kafin ta rasu, ba ta ɓoye wa 'yan jarida fushinta da ƙosawarta ba, har wasu suka ga kamar ta ci amanar littafinta. Ni ban ga haka ba. Mu ma muna da irin wannan matakala, sunanta kawai daban. Majinyaci ya yi hawaye ko ya ce yana jin tsoro, sai a yi masa caa: "Yi tawakkali mana, kada ka yi saɓo." Alhali ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ciwonsa na ƙarshe yana tsoma hannu cikin ruwa yana shafa fuska, yana ambaton cewa mutuwa tana da magagi. Wanda aka hana shi faɗin tsoronsa bai daina ji ba, shi kaɗai aka bari da shi.

Daga nan abin ya bazu da sauri. Amurka ta sami irin wannan jinya a Konetikat a 1974, wani likita, Balfour Mount, ya buɗe sashenta a cikin babban asibiti a Montiriyal ta Kanada a 1975, Birtaniya ta amince da ita a matsayin fannin ƙwarewa na likitoci a 1987. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ɗan littafi a 1986 mai tsari uku: a fara da magani mara ƙarfi irin su farasitamol, in bai yi ba a hau na tsakiya irin su kodin, in bai yi ba a hau mofin, a bayar ta baki, a kuma bi agogo. Masu cewa wannan sallamawa ce sun sami amsa a 2010, lokacin da aka gwada majinyata 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu a wani asibiti a Boston. Waɗanda aka haɗa musu da jinyar sauƙaƙawa tun da wuri sun fi samun natsuwa, sun fi ƙarancin baƙin ciki, kuma a tsakaice sun rayu wata 11.6, sauran 8.9.

A Afirka gidan farko shi ne Island Hospice na Harare, 1979. Amma ƙasar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce Yuganda. Anne Merriman, likita haifaffiyar Libaful, ta yi shekaru tana aiki a kudu maso gabashin Nijeriya, daga baya ta je Singafo, inda ita da masu haɗa magani suka tsara mofin na ruwa mai araha. Ta riƙe gidan jinya na Nairobi daga 1990, a 1993 kuma ta sauka Kamfala, lokacin da ƙanjamau ke share gidaje. Sharaɗinta guda ne, a bar ta ta shigo da garin mofin, ministan lafiya na lokacin, James Makumbi, ya yarda. Haɗin ba wani abin a zo a gani ba ne: garin magani, ruwa mai tsabta, ɗan sinadarin hana lalacewa, sai launin abinci don a bambance mai ƙarfi da mara ƙarfi, kore daban, ja daban. A wurin wanke-wanke na kicin suka fara haɗawa, suna ɗurawa a tsofaffin gorunan ruwan sha. Malamar jinya ta shiga mota ta bi ƙauye, ta sami mara lafiya a kan tabarmarsa, ta auna masa, ta nuna wa 'yarsa ko matarsa alamar da za a tsaya a jikin sirinji mara allura, da lokutan bayarwa. Merriman ba ta gina katafaren gida irin na Landan ba, don ta lura mutanen nan a gida suke son cikawa, kusa da inda za a rufe su. Da likitoci suka yi kaɗan, a 2004 Yuganda ta gyara doka ta bai wa malaman jinya da aka horar izinin rubuta mofin, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka, gwamnati kuma take biya, majinyaci ya karɓa kyauta.

Idan na ɗora wannan tarihi a kan namu, sai in ga abin da Turawa suka sha wahalar farfaɗowa da shi mu bai taɓa ɓace mana ba. Mara lafiyarmu ba ya kwana shi kaɗai. Ana zaman jinya, ana zuwa dubiya, ana neman gafarar juna. Tunawa da mutuwa tana cikin karatunmu tun daga zaure. Imam Gazali da babinta ya rufe Ihya'u, Risala tana da babi a kan abin da ake yi wa wanda ke gargara, a fuskantar da shi alƙibla a laƙƙana masa kalmar shahada. Nana Asma'u ta yi wa 'yan'uwanta da ƙawayenta marsiyyoyi, Imfirajin Aliyu Namangi kuma har a bakin masu bara ana jin sa. Malamanmu sun ma yi wani bambanci mai kyau da masu wa'azi da yawa ke mantawa: mai lafiya ake tsoratarwa don ya gyara, wanda ya kwanta ciwon ajali kuwa kyautata zato ga Allah ake ƙarfafa masa, a tuna masa rahama. Muhtasar ya kawo wannan cikin abubuwan da ake so ga mai gargara.

Abu biyu muka rasa, kuma su ne waɗanda Saunders ta fara da su. Na farko gaskiya. Yawancin masu ciwon daji a wurinmu ba su isa babban asibiti sai abu ya yi nisa. Likita ya ja babban ɗa gefe ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a, ko kuma ya yi shiru a ci gaba da sayen magani. Shi mai ciwon ba wanda ya ce masa uffan. A sayar da gona, a sayar da shanu, a tafi wurin mai magani na gaba. Hujjar da ake kawowa ita ce Allah kaɗai Ya san ajali, kuma haka ne. Amma ce wa mutum ranar kaza za ka mutu daban, ce masa ciwon nan ya fi ƙarfin abin da ke hannunmu daban. Na biyun shi ke ba shi damar yin wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya aika a kira wanda yake so ya gani. Ba sai an kwaikwayi likitan Amurka mai zayyano watanni a fuskar mutum ba. Masu wannan aiki sukan fara ne da tambayar majinyaci yadda shi yake ganin jikin nasa, da abin da yake so ya sani, su tsaya inda ya tsaya. Sau da yawa shi ke fara faɗa.

Na biyu magani. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da danginta da ake rabawa a duniya, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da abin da ke isa gare su bai kai kashi 1 cikin 100 na bukatarsu ba. Ba a zauna haka kawai ba. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun buɗe sashen irin wannan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007, wasu asibitocin koyarwa sun bi sahu, daga 2012 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa hannu da ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka wajen shigo da garin mofin a riƙa haɗawa a cikin gida. Sai dai mu a Arewa muna da tabon da ke sa mu ɗari-ɗari. Mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa matasa da matan aure, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Saboda haka da an ambaci mofin, uba ya tuna ɗansa, likita ya tuna takardun da zai cike da tambayoyin da za a yi masa, sai kowa ya ja da baya. Abin da ya haifar shi ne yaro mai neman maye ya san lungun da zai sami taramol cikin minti goma, tsohuwa mai ciwon dajin mama kuwa, a ƙauyen da ke da tafiyar awa uku daga asibitin koyarwa, sai dai a kira mai kemis ya yi mata allurar da za ta sake ta kafin asuba. Rubuta mofin a wurinmu aikin likita ne, likitocin suna birni, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin da ke garin tsohuwar kuwa, wadda ta san gidan ta san 'ya'yanta, ba ta da izinin ba ta ko cokali ɗaya.